Zanen bango a Jamestown na Akra: ta ina zan fara, kuma me ke cinye fentin?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tafiya Akra cikin watan Agusta, ta mota daga Legas, kuma akwai yini guda da ba ni da abin yi. So nake in yi shi wajen kallon zanen bangon nan na unguwar Jamestown da ke bakin teku. Ta ina ake farawa, ina ake ƙarewa, kuma da wane lokaci? Ɗaukar hoto fa, biya ake yi ko izini kawai ake nema?

Sai wadda ta fi damuna. Hotunan da ke yawo a intanet launinsu tar, amma an ce in mutum ya je sai ya tarar rabi sun ɓare. Me ke cinye su? Dalilin tambayar, wasu matasa 'yan'uwa ne ke son zana katangar wata makarantar Islamiyya da ke kusa da teku. Tsawonta mita 12, tsayinta mita 2 da rabi, bulo ce da yaɓen siminti, kuma ba sa so kuɗinsu ya bi ruwa. Masana a taimaka, Allah Ya saka.

Baba Sabon Zongo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya kawo ka Ankara lafiya, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin.

Fara cire rai da cewa za ka tarar da zanen da ka gani a waya. Yawancinsu an yi su ne lokacin Chale Wote, bikin zane-zanen titi na shekara shekara wanda aka fara a 2011, kuma bangon da aka zana bana shi ake sake zanawa baɗi, ko fastar jana'iza da ta 'yan siyasa su rufe shi, ko teku ta yi nata aikin. Sunan bikin da harshen Ga ne, yaren 'yan asalin Akra, wato "aboki, mu tafi", kuma haka ake kiran silifa a Gana. A 2023 an mai da bikin unguwar Osu, saboda haka in ranarka ta faɗo cikin makon bikin, ka tambaya tukuna ina za a yi shi a wannan shekarar, kada ka je Jamestown kana jiran kiɗa alhali jama'a suna can gabas.

Hanya kuwa ba ta da wuya, don titi ɗaya ne ƙashin bayanta: High Street, wanda yanzu aka sa wa sunan marigayi Shugaba Atta Mills. Yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da teku, tekun tana kudu. Ka sauka a gaban Ussher Fort ka nufi yamma da ƙafa. Turawan Holan ne suka gina wannan sansani a 1649, sunansa na farko Crèvecoeur, sai a 1868 ya koma hannun Ingilishi. Daga nan zuwa James Fort, wanda Ingilishi suka gina a 1673, tafiyar kamar rabin kilomita ce. Mai sauri minti goma ya ishe shi, amma mai kallon bango ya ware awa biyu zuwa uku, domin abin ba a kan babban titi kaɗai yake ba. Duk lungun da ka gani ka leƙa, hagu da dama, ka shiga ka dawo. Zanen da ya fi daɗewa da kyansa a lungu yake, inda gini ya kare shi daga iskar teku.

Wurin da bai kamata ka wuce ba shi ne lungun Brazil House. Gidan mutanen Tabom ne, zuriyar bayin da suka dawo daga Brazil suka sauka nan a 1836, shekara guda bayan tawayen Musulmi a Bahia, kuma a cikinsu akwai Musulmi. Bangayen wannan kewaye sun sha zane. Daga nan ka ci gaba har filin da ke gaban fadar sarkin Jamestown, Mantse Agbonaa, sai James Fort inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 har zuwa Fabrairun 1951, sai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari. Ta farko an gina ta a 1871, wannan da ke tsaye ta shekarun 1930 ce, tsayinta mita 28. In ka same ta a buɗe ka hau, daga sama za ka ga duk inda ka biyo.

In ƙafarka ba ta gaji ba, ka karkata arewa ka shiga Bukom, unguwar 'yan damben boksin da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey. Zanen can ba na biki ba ne, na masu unguwa ne: fuskokin 'yan dambe, tambarin ƙungiyoyi, allon mai aski da na mai sayar da abinci. A ganina ya fi na babban titi gaya maka ko su wa ke zaune a wurin.

Ranar da ta fi ita ce Talata. Masuntan Ga ba sa fita teku ranar Talata, don haka kwalekwale duk suna gaɓa ana gyaran koma, kuma jikin kwalekwalen nan shi ne zanen waje mafi tsufa a unguwar: tutoci, taurari, ayoyi, karin magana, sunan mai jirgi. An gina sabuwar tashar masunta, aka buɗe ta a 2024, bakin ruwan ya sauya sosai, don haka kada ka bi kwatancen tsohon hoto, tambayi ɗan unguwa ta inda ake sauka yanzu. Ka kuma sani cikin Agusta ake Homowo, bikin shekara na Ga. In ka dace da shi tituna za su cika, akwai abin kallo, amma bango ba zai ganu ba don jama'a.

Ka fito da sassafe, ka karya da koko da ƙosai a hanya, ƙarfe bakwai ta yi maka a Ussher Fort. Masallaci ba zai yi maka wuya ba in ka dawo ta Tudu ko Zongo Lane.

'Yar Nima

Baba ya gama magana kan hanya, sai in ɗora da batun hoto, Yaya Ɗan Fagge.

Bangon da ke kan titi ba a biyan kuɗin ɗaukarsa. Abin da ke jawo rigima shi ne mutanen da ke gabansa. Jamestown ba gidan kallo ba ne, a gindin wannan zanen ne mace take suyar kifi, a nan yara ke wanka, a nan tsofaffi ke zaune. Ka gaisa kafin ka ɗaga waya. Da safe ka ce "ojekoo", in an ba ka hanya ka ce "oyiwaladon", wato na gode. Ka nuna bangon da hannun dama, ka nuna shi kake so ba su ba. Wanda ya ce a'a, ka wuce, bango bai ƙare ba. Yara kada ka ɗauke su sai da yardar babba. A bakin ruwa kuma ka'idar ta fi tsauri: kwalekwale dukiyar mutum ce, a nemi mai ita. Matasa za su tare ka su ce za su zaga da kai. Ba laifi ba ne, wasunsu sun san wanda ya yi kowane zane, amma a yanka kuɗi da tsawon lokaci tun kafin a ɗaga ƙafa, kuma ka riƙe ƙananan sidi don kada canji ya zama abin magana. Shiga cikin sansanonin nan biyu kuwa daban ne, suna hannun hukumar gidajen tarihi ta Gana, ana biyan kuɗin shiga.

Agusta wata ne mai kyau ga hoto, don babbar damina ta tsagaita, gari ya yi sanyi, kuma sau da yawa sama a lulluɓe take. Wannan haske marar inuwa shi ne ke fitar da launi yadda yake. In rana ta fito, ga lissafin: daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana ratsawa ta arewacin Akra. Bangayen da ke gefen teku, masu fuskantar cikin gari, da la'asar suke samun haske sosai. Masu fuskantar teku kuwa da safe rana ke gogarsu ta gefe, sai duk wani kumburi da ɓawon fenti ya fito. Tsakanin sha ɗaya da biyu kada ka wahalar da kanka, rana tana tsakiyar ka, inuwar rufin kwano ta yanke zanen biyu.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne tsayawa kusa da bango a ɗaga waya sama, sai zanen ya fito kamar zai faɗi baya. Ja da baya zuwa wancan gefen titi, ka sa kyamara a ninki biyu, ka riƙe wayar a miƙe daidai da bangon. Kowane zane ka yi masa uku: ɗaya gaba ɗaya tare da titi, ɗaya shi kaɗai, ɗaya na sa hannun mai zanen, wanda galibi yana kusurwar ƙasa. Ka riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi bayan kowane ɗan lokaci, domin iskar teku tana barin wani danƙo a kai, hoto ya fito kamar an yi hazo.

Kuma kada ka bar Akra ba ka shigo Nima ba. Akwai ƙungiyar masu zane mai suna Nima Muhinmanchi Art, sunan ma da Hausa ne, kuma Moh Awudu, wanda ya yi suna a zanen bango, ɗan unguwar ne. Nima ba a bakin ruwa take ba, sai ka kwatanta da idonka yadda fenti ke tsufa a nan da can.

Mai Rola

Malam Ɗan Fagge, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta sana'a. Mutane suna ɗora wa fenti laifi, alhali sau da yawa bangon ne ba shi da lafiya. In ka je Jamestown ka duba yadda kowane zane ya lalace, kowace cuta da alamarta.

In ka ga fentin ya kumbura kamar ƙuraje, ka fasa ka tarar da farin gari a ciki, gishiri ne. Yana zuwa ta iska, yana zuwa ta ruwan ƙasa da bulo ke tsotsa, kuma mafi muni, in an buga bulon ko an yi yaɓen da yashin bakin teku ba a wanke ba. Gishiri yana fara jan ruwa daga iska in laimarta ta kai kashi 75 cikin 100, a bakin teku kuwa dare kan wuce haka. Da dare ya narke, da rana ya bushe ya koma ƙwaya, ƙwayar ta ture fentin daga ciki. Kullum haka, har ya ɓare. In ka ga tsagewa doguwa mai hawayen ruwan kasa, rodin ciki ne ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, sai ta fasa simintin. In ka shafa tafin hannu ya fito da gari mai launi, rana ce ta cinye danƙon da ke riƙe fentin, ko kuma an tsinka shi da ruwa fiye da kima. Baƙi ko kore a ƙasan bango da inda ruwan rufi ke sauka, gansakuka ce. In kuwa fentin yana nan daram amma launi ya gudu, ja ya koma ruwan hoda, shunayya ta koma toka, wannan laifin irin launin ne.

Yanzu katangar matasan. Mita 12 sau 2 da rabi, murabba'in mita 30 ke nan.

Kafin a sayi ko burushi, a gwada ta. A samu leda mai kauri, a yanka kamar santimita 45 ko'ina, a manna ta a bango da salatef ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba. A yi haka a wuri uku, ɗaya kusa da ƙasa. A bari ta kwana, aƙalla awa 16. In da safe an ga raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, bangon yana da ruwa, kuma duk abin da aka shafa zai ɓare. Sai a nemo inda ruwan ke shiga. Wurare uku ne galibi: saman katanga da ba a yi wa hula ba, bayanta da ba a yaɓe ba, da ƙasa ko shara da aka tara a gindinta. Saman a yi masa hular siminti mai gangara, ta zarce fuskar bango da santimita 3 zuwa 5, a tsaga ɗan layi a ƙarƙashinta don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin zane. Wannan hular ta fi kowane tsadadden fenti amfani.

Daga nan a bi yaɓen ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya yi amon ganga ya rabu da bulo, a fasa a sake, siminti 1 yashin kogi 4, da ruwan famfo. Sabon yaɓe a ba shi kwana 28. Na san matasa ba sa son jin wannan, amma ɗanyen siminti yana da kaifin da ke ƙona launi, ya kuma narkar da fentin mai ya koma kamar sabulu. Farin gishirin da ke fuska a kakkaɓe shi a bushe da burushi mai tauri tukuna. In aka fara da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. Bayan nan a kankare duk tsohon fentin da ke motsi, a bi da samfefa, inda akwai gansakuka a shafa bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 4, a bari minti 20, sannan a wanke bangon gaba ɗaya da ruwan daɗi daga sama zuwa ƙasa. Kada a kuskura a ɗebo na teku don yana kusa. A bar shi kwana biyu ko uku ya bushe.

Fenti: na ruwa ne za a saya, na waje, irin akirilik, ba na mai ba. Na mai yana toshe bango, ruwan da ke ciki ya rasa mafita. Shafi na farko shi ne firama mai jure kaifin siminti. A yaɓe mai ɗan kaushi lita guda tana cin kamar murabba'in mita 8, saboda haka lita 4 ta isa. A kai a yi shafi biyu na launin da zai zama shimfiɗar zanen, wato murabba'i 60, kamar lita 7 da rabi, a sayi 8. Na zanen kansa, lita ɗaya ɗaya ta launi biyar ko shida, da ƙarin lita 4 na fari don haɗi. Tsakanin shafi da shafi a bar awa 4 ko fiye, don a bakin teku bushewa tana da nawa. Ruwan tsinkawa kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokiti, galibi kashi ɗaya cikin goma. Fentin feshi na gwangwani, mai mililita 400, ba ya wuce murabba'in mita 2 zuwa 3, don haka a ajiye shi don layi da inuwa, gwangwani 6 zuwa 8 sun wadatar, kuma mai fesawa ya sa takunkumi na gaske.

Wajen zaɓen launi a jingina ga dangin ƙasa: jan ƙasa, ruwan ɗorawa mai duhu, ruwan kasa, baƙi da fari. Daga ƙarfe da ƙasa aka samo su, rana ba ta iya musu komai. Masu ƙyalli irin na rigar 'yan gyaran titi su ne farkon gudu, wasu ba sa kai shekara a bangon da rana ke duka. Santimita 40 zuwa 50 na ƙasan katanga kada a sa masa zane. A ja masa ɗamara mai duhu launi ɗaya, domin nan ne fantsamar ruwan sama da ta kwata da ƙafar yara ke sauka, kuma in ya lalace rola ɗaya ta gyara shi.

Mai da zanen daga takarda zuwa bango, a yi gidan dara. A takarda mai santimita 48 da 10, kowane gida santimita 2, a bango kowane gida santimita 50 da igiya mai alli: gida 24 a tsawo, 5 a tsaye. Kowa ya ɗauki gidajensa. In akwai majigi da janareta, ana iya haska zanen da dare a bi layin da alli, amma fenti sai gari ya waye. A fara wajen tara na safe bayan raɓa ta bushe, a tsaya da la'asar sakaliya, kamar ƙarfe huɗu, don ya kama jikinsa kafin laimar dare. A guji Mayu da Yuni. Agusta da Disamba zuwa Fabrairu sun fi.

Ɗan Fagge

Allah Ya ƙara sani, Malam Mai Rola. Baba, Allah Ya ƙara girma, Yaya 'Yar Nima na gode ƙwarai. Saura abu biyu. Wani ya ba matasan shawara su shafe zanen da banish bayan an gama, wai zai kai shekara goma. Gaskiya ne? Sannan tunda makarantar Islamiyya ce ba za a zana mai rai ba, rubutun Larabci da ado kawai. Akwai abin lura?

Malam Na-Tanja

Malam Ɗan Fagge, kafin Mai Rola ya amsa batun banish, bari in kawo wata hanya da ba a ambata ba, don ba kowa ne ke kokawa da teku ba.

A arewacin Maroko, kudu da Tanja da kamar kilomita 40, akwai garin Asila, tsohon gari mai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci shi a 1471. A 1978 'yan garin biyu, Mohamed Benaïssa da mai zane Mohamed Melehi, suka fara taron al'adu na shekara shekara, kuma tun daga lokacin ake gayyato masu zane su zana bangayen tsohon gari. Dabararsu ita ce ba sa neman zane ya dawwama. In taro ya zagayo a shafe bango da fari, a sake sabo. Gidajen garin dama farar ƙasa ake shafa musu, ita kuwa tana barin bango ya numfasa, gishiri ya fito fili a share shi, ba ya taruwa a bayan fenti.

Ga makaranta, ina ganin wannan ya fi dacewa da aljihu. A yi aikin bango sosai kamar yadda Mai Rola ya faɗa, wannan sau ɗaya ne. Zanen kuwa a ɗauke shi na shekara biyu ko uku, a ajiye hotonsa da takardar gidan dara, a rubuta yadda aka haɗa kowane launi, cokali nawa na wannan cikin lita nawa na wancan, in lokaci ya yi ɗalibai su sabunta da kansu.

Batun rubutu kuwa, shawarata kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a katangar waje. Fenti zai ɓare ya faɗa kwata, masu fasta za su manna a kai, kuma kowa ya san abin da ake yi a gindin katanga da dare. A rubuta sunan makaranta, haruffa, lambobi, karin magana kan ilimi. Ado kuma muna da namu: dagi, da irin zayyanar da ke soron gidajen Zariya da unguwar Birni ta Damagaram. Layinsu mai kauri ne, launi uku ko huɗu, ana ganinsu daga nesa, kuma ko sun ɗan kwaɓe ba sa muni yadda fuskar mutum ke yi in rabinta ya zube.

Tunda ta mota za ka bi, in kun shiga Kwatano ka sa ido kan katangar tashar jiragen ruwa. An zane ta ɗaruruwan mitoci a jere, ba nisa da babban gunkin mayaƙiyar Dahomey da aka ƙaddamar a 2022. Ko ta taga ka gani ya isa ka kwatanta.

Mai Rola

Malam Na-Tanja, na yarda da kai kan ayoyi, amma farar ƙasa ina da ja. Ba ta kama yaɓen siminti yadda take kama na ƙasa ko na laso, tana bin riga in yaro ya jingina, kuma ruwan Yuni na Akra ba irin na Maroko ba ne. In bangon ya ci gwajin leda, akirilik ya fi. In ya faɗi kuma an kasa gano inda ruwa ke shiga, to nan farar ƙasa ta fi, ko kuma a zana a kan allon siminti a kafa shi da ɗan tazara, kamar santimita 2, daga katanga, da ƙusoshin da ba sa tsatsa.

Banish kuwa, Malam Ɗan Fagge, na kafinta kada ya kusanci bangon. Zai yi ruwan ɗorawa, ya tsattsage, ya kulle danshi, ranar da zai ɓare ya tafi da zanen. Akwai wani ruwan kariya marar launi na akirilik, marar sheƙi, wanda aka yi don waje kuma yana rage cin rana. Shi za a iya sawa, siriri sau biyu, kamar lita 5 zuwa 6 ga katangarku, bayan zanen ya yi mako guda, kuma da rana ta yi sama, don in aka shafa cikin laima fari yake yi kamar madara. A fara gwadawa a kusurwa. Launi yake karewa, ba ya maganin gishirin da ke fitowa daga ciki, saboda haka shekara goma kada kowa ya yi wa matasan alkawarinta.

Abin da ya fi banish araha shi ne wanki: bokitin ruwan daɗi da soso mai laushi duk bayan wata biyu ko uku, daga sama zuwa ƙasa, ba omo. Duk ƙurjin da ya fito a fasa shi tun yana ƙarami, a kakkaɓe, a ɗiga firama, a cike da launi. Don haka kada a raba ragowar fenti, a zuba a ƙananan robobi masu murfi, a rubuta suna a ajiye a ofishin makaranta. In katangar tana da ƙofar ƙarfe, ita aikinta daban: burushin waya har ƙarfe ya fito, jan firama na tsatsa a ranar, sannan fentin mai sau biyu, a fara da ita kafin a taɓa bango don kada tsatsar ta fantsama kan zane.